Daga tuwo zuwa ɓargo: yadda jiki ke ƙera jini, da inda aikin ke tsayawa

Idan mai juna biyu ta je awo, aka ɗebi jininta, ma'aikaciyar jinya ta dubi takarda ta ce "Hajiya, jininki ya yi ƙasa," kusan kowa ya san abin da zai biyo baya. Maigida zai tsaya a shago ya sayi lemon malta da madarar gwangwani, uwar miji ta sa a dafa zoɓo mai kauri, maƙwabciya ta aiko da ganyen ugu. Duk cikin ƙauna ake yi, ba mai musun wannan. Sai dai tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne jini abu ne da ake zubawa ta baki ya cika, musamman idan abin da aka sha ja ne ko mai duhu. Jiki ba haka yake aiki ba. Jini ƙera shi ake yi a cikin ƙashi, kuma kafin a samu ɗigo ɗaya sai tumbi da hanji da hanta da ƙoda da saifa da ɓargo kowanne ya yi nasa aikin. Duk inda aka samu tangarɗa, abu ɗaya takardar gwaji za ta nuna, amma maganin ba ɗaya ba ne.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya da yawan al'umma na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. A Zamfara adadin yaran ya kai kashi 84. Abin ya zama ruwan dare har ido ya saba da shi. Yaro ya ɗashe, a ce hasken fata ne. Mace ta riƙa haki in ta ɗauko bokitin ruwa, a ce ai ciki ne.

Bari mu fara da abin da ake nufi da jini ya yi ƙasa. Baligi yana da kimanin lita 5 na jini, kuma galibi ba yawan ruwan ne ke raguwa ba. Fiye da rabin jini ruwa ne mai fatsi-fatsi, sauran kuma kusan duk jajayen ƙwayoyi ne. Lambar da ake faɗa a asibitocinmu bayan gwajin PCV kason waɗannan ƙwayoyi ce. Idan aka ce "jininta 24," ana nufin a cikin kashi 100 na jininta 24 ne kawai jajayen ƙwayoyi, alhali mace mai lafiya takan kai 36 ko fiye, namiji 40 ko fiye. Wani lokaci kuma himogulobin ake aunawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a giram 13 ga namiji da 12 ga mace a kowace desilita, ta mai ciki kuma a wajajen 11.

Himogulobin shi ne furotin da ya cika cikin jar ƙwaya, shi ya ba jini launinsa. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da shi har kimanin miliyan 270, kowannensu kuma yana riƙe da ƙwayar zarra 4 na sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti ake ce wa ayon. Iskar oksijin da huhu ya shaƙa a jikin wannan ƙarfe take maƙalewa, zuciya ta harba jinin, in ya isa tsoka ko ƙwaƙwalwa ƙarfen ya saki iskar. Ba don shi ba, da abin da jini zai iya ɗauka bai wuce kashi 1 cikin 70 na abin da yake ɗauka yanzu ba. A can cikin tsoka ma aikin ƙarfe bai ƙare ba. Tuwon da mutum ya ci hanji ya mayar da shi sukari, sukarin ya shiga jini, amma ba zai zama kuzari sosai ba sai an ƙona shi da oksijin a cikin ƙwayoyin halitta, kuma sinadaran da ke yin wannan ƙonawa su ma da ƙarfe aka gina su. Shi ya sa za ka ga mutum ya ci ya ƙoshi amma jikinsa a mace.

Zuciya ce ke fara biyan bashin. Tunda kowane ɗigo ya rage abin da yake ɗauka, dole ta ƙara yawan zagayen, sai mutum ya ji tana bugawa da sauri ko yana zaune. In abin ya daɗe kuma ya yi tsanani, zuciyar takan buɗe ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara a kwance. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cinye kashi 20 na oksijin, ita ke kawo jiri da ciwon kai da rashin natsuwa. A wajen yaro ɗan ƙasa da shekara 2 abin ya fi haka nauyi, domin a lokacin ne ake shimfiɗa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ba duk abin da aka rasa a wannan shekaru ake iya mayarwa daga baya ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, don ba ya nuna kansa sai yaro ya shiga makaranta, a lokacin kuma sai a ɗora masa laifin rashin ƙoƙari.

Duk ƙarfen da ke jikin baligi giram 3 ne zuwa 4, kuma kusan kashi biyu cikin uku yana yawo a cikin jini. Jajayen ƙwayoyin sun kai wajen tiriliyan 25, kowace tana rayuwar kwana 120 ta tsufa. Domin a cike gurbin masu mutuwa, ɓargo yana fitar da sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, dare da rana, kuma wannan aiki yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 na ƙarfe a kullum. To ga abin mamaki: abin da hanji ke tsotsa daga abinci a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ina sauran ke fitowa?

Daga tsohon jini. Saifa, wadda ke ɓangaren hagu ƙarƙashin haƙarƙari, tana da matsattsun hanyoyi da sai ƙwaya mai laushi ke iya ratsawa. Wadda ta tsufa ta yi tauri sai ta maƙale, wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ta, su farfasa ta, su ware ƙarfen su mayar da shi jini ya koma ɓargo. Aikin 'yan gwangwan ke nan: a tattara tsohon ƙarfe, a kai a narka, a ƙera sabo. Hanta ma tana taimakawa. Abin da ya rage bayan an cire ƙarfen shi ke zama wani sinadari rawaya da hanta ke zubarwa ta matsarmama zuwa hanji, shi ne ma ke ba bayan gida da fitsari launinsu. Idan jini yana fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, rawayar sai ta bayyana a farin ido, a ce mutum ya kamu da shawara.

Saboda haka jiki ba ya wasa da ƙarfe. Abin da yake zubarwa a rana miligiram 1 ne zuwa 2, ta fatar da ke saɓulewa da ƙwayoyin bangon hanji da ke faɗuwa, shi ne kuma abinci ke mayarwa. Sannan ba shi da wata hanya ta korar ƙarfen da ya yi yawa. Gishiri in ya yi yawa ƙoda za ta fitar, haka bitamin C, amma ƙarfe in ya shiga ya shiga ke nan. Kuma ƙarfen da ke yawo sakaka guba ne, yana lalata hanta da zuciya. Shi ya sa jiki ba ya barinsa haka: a cikin jini wani furotin mai suna tiransferin ke ɗauke da shi, a hanta da ɓargo kuma a cikin wani mai suna feritin ake adana shi. Tunda babu mafita, duk tsaron sai ya koma mashiga, wato hanji.

A nan ne abincinmu ya shigo. Ƙarfen abinci iri biyu ne. Akwai na nama da hanta da ƙoda da kifi, wanda ya riga ya zo a cikin irin kwanson da jini ke amfani da shi, hanji kan tsotsi kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa ba tare da wahala ba. Akwai kuma na hatsi da wake da ganye, wanda ake tsotsar kashi 2 zuwa 20 kawai, gwargwadon abin da aka ci shi da shi. Mafi yawan abin da talaka ke samu na biyun ne. Wannan sai ruwan tsamin tumbi ya fara narkar da shi tukuna, sannan ya gangara farkon ƙaramin hanji. Ƙaramin hanji ya kai mita 6, amma kusan duk tsotsar ƙarfe a santimita 25 na farko da ɗan abin da ya biyo baya ake yinta. Wanda ya wuce wannan wuri bai narke ba, ya tafi. Don haka wanda ya daɗe yana shan magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole, ko mai ɗauke da ƙwayar cutar nan da ke haddasa gyambon ciki, yana iya cin abinci mai kyau amma ƙarfen ya riƙa wucewa.

Gero da dawa da masara da wake suna da ƙarfe, gero ma ba baya ba ne. Matsalarsu wani sinadari ne da ake kira faitet, wanda hatsi ke adana abincin tsironsa a ciki. Shi yakan cafke ƙarfe da zink ya hana su narkewa. Wasu nau'o'in jar dawa kuma suna da tanin, wanda shi ma haka yake yi. Surfe yana rage faitet, amma wani ɓangare na ƙarfen ma yana bin dusa. Abin da ya fi aiki shi ne abin da iyayenmu mata suka daɗe suna yi ba tare da sun san sunan sinadarin ba: a jiƙa hatsi, a bar shi ya yi tsiro, ko a bar ƙullu ya kwana ya yi tsami kafin a dama koko. Tsimawa tana karya faitet ta saki ƙarfen. Ina ganin asara ce yadda ake guje wa kamu mai tsami ana komawa garin kanti da ake damawa nan take, da sunan ci gaba. Masu binciken noma su ma sun bi ta wata hanyar: a 2018 aka fitar da irin geron da ake kira Chakti a Nijar, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta samar, mai ƙarfe fiye da geron da aka saba shukawa.

Abu na biyu da ke buɗe hanya shi ne bitamin C, wanda ke juya ƙarfen ganye zuwa yanayin da hanji ke iya karɓa. Lemon tsami da aka matsa a kan kwaɗon zogale ko rama, ɗanyen tumatir da tattasai a kan dafa-duka, gwaba ko lemon zaƙi bayan cin wake, garin 'ya'yan kuka da ake zubawa a fura, duk suna wannan aiki. Sharaɗin shi ne a ci su tare da abincin, kuma kada a dafa su har su mutu, domin doguwar dahuwa tana kashe bitamin C. Ɗan nama ko busasshen kifi a miya, ko da bai taka kara ya karya ba, shi ma yana taimaka wa ƙarfen tuwon ya shiga. Hanta ta fi kusan komai ƙarfe, amma mai ciki kada ta mayar da ita abincin kullum saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Sai masu rufe hanya, kuma babbansu shayi ne. Gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1970 sun nuna cewa kofin shayi tare da abinci yana iya rage ƙarfen da za a tsotsa da fiye da rabi. Ka duba karin kumallon gidaje da yawa a birni: shayi da madara da burodi, ga uwa ga yara. Ka duba kuma yadda ake ɗora butar shayi da an sauke kwanon abinci, daga Agadas har Kano. Ba cewa ake a daina shan shayi ba. A ba shi tazarar awa ɗaya ko fiye daga abinci, musamman ga mai ciki da budurwa da ƙaramin yaro. Namiji lafiyayye mai cin nama ba lallai abin ya taɓa shi ba, amma macen da ajiyarta ta ƙare yana taɓa ta.

Yanzu a koma kan malta da madara. Lemon malta galibinsa sukari ne. Madara abinci ce mai kyau, tana da furotin da kalsiyam da bitamin B12, amma ƙarfen cikinta kaɗan ne ƙwarai, kalsiyam ɗin ma yana rage shigar ƙarfen da aka ci tare da shi. Jan zoɓo kuwa launin furensa ne, ba shi da dangantaka da jan jini. Kuɗin da ake kashewa a kan gwangwani biyu kullum, da an sayi kifi ko ƙwai ko tsokar nama da lemo, da jinin ya fi ganin amfani. Akwai kuma cin farar ƙasa da wasu masu ciki ke yi, da taunar ƙanƙara. Wannan kwaɗayi sau da yawa alama ce ta ƙarewar ƙarfe, yakan kuma gushe in an magance shi. Ƙasar ba ta ƙara komai, tana iya ma riƙe ƙarfen abinci a hanji.

To ko da ƙarfe ya narke ya shiga ƙwayar bangon hanji, bai shiga jini ba tukuna. Sai ya fita ta ɗaya gefen, ta wata kafa da ake kira ferofotin, kuma hanta ce ke da ikon buɗe ta ko rufe ta. An daɗe ana neman yadda take yi. A 2001 Tomas Ganz da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka bayyana wani ɗan ƙaramin furotin da suka samo a fitsari lokacin da suke neman sinadaran da jiki ke kashe ƙwayoyin cuta da su, suka sa masa suna hefsidin. A shekarar kuma masu bincike a Faransa suka gano alaƙarsa da ƙarfe, sannan a 2004 aka nuna yadda yake aiki: yana maƙale wa ferofotin ya sa a lalata ta. Idan ajiyar jiki ta cika, hanta sai ta ƙara hefsidin, kafar ta toshe, ƙarfen ya maƙale a ƙwayar hanji. Ita kuwa ƙwayar kwana 3 zuwa 5 take yi ta faɗi, ta fita da ƙarfen a bayan gida. Idan ajiya ta yi ƙasa, hanta ta rage hefsidin, kafar ta buɗe. Shi ya sa mutum biyu za su ci kwano ɗaya, ɗaya ya tsotsi ninkin abin da ɗayan ya tsotsa.

Akwai abu na biyu da ke sa hanta ta ƙara hefsidin, wato cuta. Ƙwayoyin cuta su ma suna buƙatar ƙarfe kafin su hayayyafa, don haka da zarar zazzaɓi ya shiga, cikin 'yan awoyi jiki zai toshe kafar hanji, ya toshe ta saifa da ta hanta, ya ɓoye ƙarfen. A ciwon kwana uku wannan dabara ce mai kyau. Amma in ciwon ya ƙi ƙarewa, kamar tarin fuka, ko ciwon ƙoda, ko zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa duk bayan 'yan makonni a damina, ɓargo ma sai ya rasa. Ga ƙarfe a ajiye, ga mutum ba jini. Irin wannan ko kwalba nawa ta maganin ƙarin jini aka ba shi, kaɗan ne zai shiga, sai an magance cutar da ta sa aka rufe.

An koyi wannan darasi da tsada a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ke da yawa. An yi gwaji a kan yara kimanin 24,000, ana ba wasu ƙarfe da folik asid (wani bitamin da ɓargo ke buƙata wajen ƙera jini) kullum. Dole aka dakatar da ba su kafin lokaci, domin yaran da ke sha sun fi sauran yiwuwar kwanciya a asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. An buga sakamakon a 2006. Da aka duba da kyau, an ga yaran da suke da ƙarancin ƙarfe na gaske sun amfana, waɗanda ba su da buƙata ne abin ya fi cutarwa. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce a ba yara ƙarfe a yankunan sauro, amma tare da kariya da gwaji da maganin zazzaɓin. A wajenmu wannan yana nufin gidan sauro da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara a watannin damina suna cikin maganin ƙarancin jini, ko da ba wanda ya kira su haka.

Ƙoda ita ke gaya wa ɓargo yawan abin da zai ƙera. Tana auna oksijin da ke iso mata, in ya ragu sai ta saki wani sinadarin saƙo da ake kira EPO, ɓargon ƙugu da haƙarƙari da ƙashin baya ya ƙara himma. Binciken yadda ƙwayoyin halitta ke gane ƙarancin oksijin shi ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Ƙodar da ta lalace ba ta aika saƙon, shi ya sa masu wankin ƙoda ake yi musu allurar EPO. Ɓargo kuma ban da ƙarfe yana buƙatar folet (wato folik asid na cikin abinci) daga ganye da wake, da B12 daga nama da ƙwai da nono, domin ƙwayoyin su rarrabu. In ƙarfe ne ya yi kaɗan, ƙwayoyin sukan fito ƙanana, koɗaɗɗu. In folet ne ko B12, sukan fito manya marasa ƙwari. Mai duba jini a madubin ƙara girma yana iya bambance su. Gubar dalma ma a nan take ɓarna, tana hana a ɗaura ƙarfe a mazauninsa, kuma yaron da ƙarfensa ya ƙare ya fi tsotsar ta, don hanya ɗaya suke bi a hanji. Wannan na cikin abin da likitoci ke lura da shi tun bayan musibar 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu.

Tsarin da ke juya ƙarfe haka, abin da ya fi karya shi shi ne zubar jini, domin jinin da ya fita bai bi ta saifa ba. Kowace mililita ɗaya ta jini tana tafiya da kusan rabin miligiram na ƙarfe. Al'ada ta daidai takan ɗauki mililita 30 zuwa 40 a wata, wadda ta wuce 80 kuma ta yi yawa, kuma mata da dama suna fama da ita shekara da shekaru suna ɗauka haka Allah ya yi su. Ciki ɗaya yana cin wajen miligiram 1,000, tsakanin jariri da mabiyiya da ƙarin jinin uwa da wanda za a zubar wajen haihuwa, alhali ajiyar mace ba kasafai take wuce 300 ba. In wani cikin ya shiga kafin ta farfaɗo, ko kuma yarinya ce da ita kanta ba ta gama girma ba, da bashi za ta fara. Irin wannan ce jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya ita ya kayar da ita. Jariri kuma a watanni ukun ƙarshe yake tara guzurin da zai kai shi wata 4 zuwa 6, shi ya sa bakwaini ke saurin rasawa, shi ya sa kuma ake so a jinkirta yanke cibiya da minti 1 zuwa 3 domin sauran jinin mabiyiya ya gangaro masa. Bayan wata 6, tsararon koko ba zai riƙe shi ba. Sai an haɗa da ƙwai ko kifi ko wake ko ɗan nama da aka niƙa.

Akwai zubar da ba a gani. Tsutsar nan mai ƙugiya da ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai damshi da aka yi bayan gida a kai, takan je ta maƙale a bangon hanji tana zuƙa. Tsutsa ɗaya daga ƙaramin nau'inta tana jawo asarar jini kimanin mililita 0.03 a rana. Kamar ba komai ba, amma in ka ninka sau 100 ka samu mililita 3, wato kusan duk ƙarfen da yaro zai tsotsa a ranar. Tsargiya, wadda yara ke ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa da wuraren noman rani, ta fitsari take zubar da nata. Dukansu suna da magani mai sauƙi. Namiji baligi kuwa, ko macen da ta daina al'ada, in aka ce ƙarfensa ya ƙare to a nemi inda jini ke fita: gyambon ciki, basir, ko ciwon dajin hanji. Magungunan kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kullum da sunan maganin gajiya, suna cin bangon tumbi a hankali. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarfe dalili ne na zuwa asibiti a ranar.

Masu amosanin jini, wato sikila, nasu daban ne. Ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya duk shekara. Ƙwayoyinsu kwana 10 zuwa 20 suke yi su fashe, ɓargo ya kasa cim musu, amma ƙarfen yana nan a jiki bai je ko'ina ba. Kowace ledar jini da aka ƙara musu tana zuwa da miligiram 200 zuwa 250, wanda ba shi da hanyar fita. Folik asid aka saba ba su. Ba wa irin wannan yaro maganin ƙarin jini mai ƙarfe daga kemis don an ga ya ɗashe, ba tare da gwaji ba, cutarwa ce.

Inda aka tabbatar ƙarfe ne ya ƙare, abinci kaɗai ba ya saurin cike ramin, ƙwaya ake buƙata. Ga mai ciki, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum, waɗannan ne jar ƙwaya da 'yar rawaya da ake bayarwa a wajen awo. Da yawa suna ajiye su saboda tashin zuciya da taurin bayan gida, ko don an ce suna sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa, wanda ba haka ba ne. Duhun bayan gida a lokacin shan su ba matsala ba ce. Wadda suke damunta ta faɗa wa likita ko ungozomar asibiti, akwai yadda ake sauya lokacin sha ko yawansa. Wani bincike da aka yi a Zurich ta Suwizalan a 2017 ya nuna cewa ƙwayar kanta tana tayar da hefsidin na kusan awa 24, har matan da aka ba su rana ɗaya a tsallake ɗaya suka fi tsotsar kaso mai yawa, amma wannan shawara ce da likita zai yanke. A sha da ruwa ko lemo, ban da shayi ko madara. Cikin mako 2 zuwa 4 lamba takan fara hawa. In ba ta motsa ba, a koma a sake bincike maimakon a ƙara kwalba. In ta dawo daidai, a ci gaba da sha kamar wata 3, domin jini ne ke fara cika kafin ajiyar hanta.

Ƙwayoyin nan jajaye ne masu sheƙi, wasu har da zaƙi a bayansu, yaro yana ganinsu zai ɗauka alewa ce. Tafin hannu ɗaya na ƙwayar uwa ya isa ya ƙona hanjin ɗan shekara biyu ya lalata masa hanta, kuma yakan yi amai ya lafa kamar ya warke kafin abin ya dawo da ƙarfi. A ajiye su a sama ko a kulle, ba a jakar hannu ko ƙarƙashin matashi ba. In kuma ana zargin yaro ya haɗiya, a kai shi asibiti nan take tare da kwalin maganin, ko da yana wasa.